Tambayoyi da amsoshi kan kalmar trochos, "ƙafar karusa" da ke cikin Yakubu 3:6

Duk lokacin da ajin binciken Littafi Mai Tsarki ya iso sura ta uku ta wasiƙar Yakubu, tambayoyin nan sai sun taso, musamman in akwai mai manhajar Baibul a waya wadda ke nuna Helenanci a ƙarƙashin kowace kalma. Shi ya sa na tara su waje ɗaya. Na fara da masu sauƙi, wanda ya riga ya san su sai ya tsallake zuwa ƙasa.

1. Wace kalma ce ake magana a kai, kuma yaya ake faɗinta?

Kalmar ita ce τροχός, ana rubuta ta trochos da harufan boko. Wannan "ch" ɗin fa ba "c" na ciki ko cokali ba ne, harafi ɗaya ne a Helenanci da ke fita daga maƙogwaro, kusa da "kh" na Larabci, to sai ku ce trokhos kuna ɗan danna gaɓar ƙarshe. A cikin ayar za ku gan ta trochon da "n", wannan ba wata kalma ba ce daban, haka Helenanci yake canza wutsiyar suna in shi ne abin da aikin ya faɗa wa. Masu amfani da lambobin Strong, wato lambobin da aka ba kowace kalmar Helenanci da Ibrananci ta Baibul, ita ce G5164.

2. To mene ne ma'anarta kai tsaye?

Ƙafa ce mai juyawa, irin ta karusa ko amalanke, abin da yau za mu ce taya ko wili. Tushenta aikatau ne trechō, wato yin gudu, to trochos kenan "abin da ke gudu". Helenawa sun yi amfani da ita wa kusan duk wani abu mai zagaye da ke juyawa: ƙafar karusar yaƙi, faifan da maginin tukwane ke juyawa, na'urar da ake ɗaure mai laifi a kai ana azabtar da shi, kai har gare-garen da yaransu ke korawa da sanda a titi trochos suke ce masa. Kalmar kasuwa ce, ba ta tauhidi ba. Har yau ma tana raye a ƙasar Girka, 'yan sandan kula da hanya ana ce musu Trochaia daga wannan tushen.

3. Sau nawa ta fito a Sabon Alkawari?

Sau ɗaya tak, a Yakubu 3:6. Mutane kan yi mamaki saboda ai akwai karusa a Sabon Alkawari, baban nan na Habasha a Ayyukan Manzanni 8 yana zaune cikin karusarsa yana karatun Ishaya, Wahayi 9:9 ma ta yi maganar ƙarar karusai, amma a duk wuraren nan karusar aka ambata, harma, ba a taɓo ƙafarta ba. A fassarar Helenanci ta Tsohon Alkawari kuwa tana nan da yawa, ku duba tambaya ta 8 da ta 9.

4. Me ya kawo taya cikin maganar harshe? A Baibul ɗina ban ga wata taya ba.

Ba za ku gani ba, don yawancin masu fassara ma'anar suka ɗauko suka bar hoton. Yakubu yana cewa harshe wuta ne, yana ƙazantar da jiki gaba ɗaya, yana cinna wuta wa trochon tēs geneseōs, shi kansa kuma daga Gehenna, wato Jahannama, aka cinna masa. Waɗannan kalmomi uku ɗin in aka bi su ɗaya bayan ɗaya sai a ce "ƙafar karusar haihuwa" ko "wilin kasancewa", wanda in kun karanta wa ikilisiya haka ranar Lahadi ba wanda zai gane me kuke nufi, shi ya sa ake fassarawa da abu kamar "dukan rayuwar mutum" ko "dukan zamansa na duniya".

Amma ku lura da yadda surar take tafiya tun daga farko. Ya kawo linzami a bakin doki, ya kawo ɗan ƙaramin abin da matuƙi ke juya katon jirgin ruwa da shi, ya kawo ɗan tartsatsi da ke cinye kurmi. Duka ƙaramin abu ne da ke iko da babba. Ƙafar karusa ta shigo layin nan daidai, kuma wasu masu sharhi suna ganin hoton shi ne na wutar da ke tashi daga tsakiya. Duk wanda ya taɓa bin babbar mota a dogon titi ya san abin, boris ya bushe ba giris, cibiyar tayar ta ɗau zafi, direba bai sani ba yana ta zuba gudu, sai hayaƙi, kafin yaran mota su sauko da jarka wuta ta kama roba ta haura kan kaya, kuma gudun da tayar ke yi shi ne ma yake hura ta. Karusar zamanin da ta itace ce a kan sanda, in mai ya ƙare haka take yi. Yakubu bai fayyace wannan da bakinsa ba, amma ni dai ina ganin ya zauna da ayar sosai.

5. Na ji wani malami ya ce ba taya ba ce, "hanya" ce ko "zagayen tsere". Wa ke da gaskiya?

Malamin bai ƙirƙira ba. Akwai kalmomi biyu da harufansu iri ɗaya ne, bambancin kawai inda ake danna murya. Trochós, nauyi a ƙarshe, ita ce ƙafar karusa. Tróchos, nauyi a farko, ita ce gudu ko zagayen da ake yi, kamar filin tsere ko kewayen rana. Mu masu Hausa wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, a rubuce "gari" ɗaya ne amma na tuwo daban na zama daban, sai an faɗa ko an ga jimla.

Matsalar ita ce tsofaffin kwafe-kwafen Sabon Alkawari, irin su Kodeks Sinaitikus da Kodeks Batikanus na ƙarni na 4, da manyan harufa aka rubuta su a manne da juna, ba tazara, kuma marubutan farko ba su sa waɗannan alamomin murya ba, sai daga wajen ƙarni na 9 ne sa alamar ya zama ruwan dare a littattafai. To Yakubu bai bar mana alama ba kenan, masu kwafa da masu bugawa na baya ne suka zaɓa. Bugun Helenanci da ake karantarwa da su a makarantun tauhidi yau sun sa trochón, wato taya. Fassarar Latin ta Vulgata ma rota ta ce, taya. Fassarar Turanci ta King James ta 1611 ta karkata wajen "hanya", sai gyararriyarta ta 1881 ta komo kan taya. In kun tambaye ni, taya ta fi ƙarfi, saboda a wajen marubutan Helenanci akwai salon magana sananne na kwatanta rayuwa da taya (tambaya ta 7), ɗayar kalmar kuwa ba a cika amfani da ita ba. Amma gaskiya ko wacce kuka ɗauka wa'azinku ba zai canza ba, duka biyun suna nufin tafiyar rayuwa daga farkonta har ƙarshe.

6. Ita kuma geneseōs ɗin fa? Tana da alaƙa da littafin Farawa?

Kalma ɗaya ce, genesis, ita ce sunan da Helenanci ya ba littafin Farawa. Tana ɗaukar ma'anar haihuwa, asali, ko zuwan abu cikin samuwa. Matiyu 1:1 da ita ya buɗe asalin Yesu, a 1:18 kuma ita ce haihuwarsa. Amma wurin da ya fi taimako yana cikin wasiƙar Yakubu ɗin kanta, 1:23, inda ya yi maganar mutumin da ya kalli madubi ya ga "fuskar genesis ɗinsa", wato fuskar da aka haife shi da ita, tasa ta halitta. In marubuci ya yi amfani da kalma sau biyu cikin gajeriyar wasiƙa, ai daga bakinsa ya kamata a fara neman ma'ana kafin a tafi ƙamus. To trochos na genesis shi ne juyin rayuwar da aka haife mu cikinta, daga zanin goyo har likkafani.

7. An ce wai maganar ta masu imani da sake haihuwa ce, mutum ya mutu ya dawo a wani jiki. Yakubu ya yarda da haka ne?

A'a. Amma tambayar tana da tushe, ba a banza take yawo ba. A cikin Helenawa akwai mabiya koyarwar da ake dangantawa da Orfiyus, da kuma almajiran Fitagoras, da suka gaskata rai yana ta zagaye daga jiki zuwa jiki, kuma burinsu shi ne kuɓuta daga "da'irar haihuwa". Masanin falsafa Simplikiyus, a ƙarni na 6 bayan haihuwar Almasihu, ya yi amfani da kusan lafazin Yakubu, tayar ƙaddara da haihuwa, yana bayanin tatsuniyar Iksiyon, wanda allolin Helenawa suka ɗaure a jikin taya mai juyawa har abada don horo. Wasu ma sun haɗa da tayar samuwa ta addinin Buda a Indiya. To in mutum ya ga wannan a littafin sharhi sai gabansa ya faɗi.

Sai dai magana tana tsufa ta saki asalinta. Tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu, masanin tarihi Herodotus ya sa a bakin Krosus, tsohon sarkin Lidiya, yana gargaɗin Sairus na Farisa cewa al'amuran 'yan adam da'ira ce mai juyawa, ba ta barin mutum ɗaya ya dawwama cikin sa'a, kuma ba sake haihuwa yake nufi ba. Akwai wata waƙar hikima ta Helenanci da wani Bayahude ya rubuta da sunan Fokilides, kusa da zamanin Sabon Alkawari, ita ma ta ce rayuwa taya ce, arziki ba shi da tabbas. Malaman Yahudawa a Talmud, littafin da ya tara koyarwarsu, suna da nasu, cewa akwai galgal, taya, da ke juyawa a duniya, suna nufin mai kuɗin yau shi ne matalaucin gobe. Mu ma in muka ce duniya juyi-juyi ce ba wanda zai zarge mu da cewa mun bar imani da tashin matattu. Yakubu Bayahude ne mai rubutu da kyakkyawan Helenanci, ya ɗauki maganar da ke bakin mutane ya yi aikinsa da ita.

Kuma wasiƙar ta bayyana matsayinsa ƙarara. A 4:14 ya ce ranku hazo ne da ke bayyana ɗan lokaci ya ɓace, a 5:8 da 9 ya ce zuwan Ubangiji ya kusa, alƙali yana bakin ƙofa. Mai wannan magana ba ya jiran zagaye na biyu. Haka nan masu ɗauko ayar don su kafa koyarwar la'anar zuriya, wai "tayar haihuwa" ita ce la'anar da ke bin jini daga kaka zuwa jika, su ma sun ɗora wa kalma uku kayan da ba za su iya ɗauka ba. Surar ta fara ne da gargaɗi ga masu son zama malamai, kan abin da ke fita daga bakinsu.

8. Ƙafafun da annabi Ezekiyel ya gani, "ƙafa cikin ƙafa", kalma ɗaya ce da wannan?

A asali a'a, don Ezekiyel da Ibrananci aka rubuta shi, kalmarsa ofan ce, jam'i ofanim. Amma a Septuajinta, wato fassarar Helenanci da Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, trochos aka sa, "ƙafa cikin ƙafa" ɗin nan shi ne trochos en trochō a 1:16. Wannan fassarar ita ce Baibul ɗin da Kiristocin farko masu jin Helenanci suke karantawa, to wanda ya ji wasiƙar Yakubu ya san kalmar daga can.

Wahayin ya zo wa Ezekiyel a bakin kogin Kebar a ƙasar Babila, shekara ta biyar da kai sarki Yehoyakin bauta, wajen 593 kafin haihuwar Almasihu. Ƙafafu huɗu, kowace a gefen ɗaya daga cikin talikai huɗu da ya gani, suna tafiya kowace fuska ba tare da sun juya ba, bakinsu cike da idanu, ruhun talikan yana cikinsu. Ga mutanen da aka kwaso daga Urushalima suna tsammanin Allah ya tsaya can a Haikali, kursiyi mai ƙafafu babban albishir ne, Allah yana tafiya har inda suke. A sura ta 10 sai wata kalma ta biyu ta shigo, galgal, mai ɗauke da ma'anar guguwa ko abu mai wulwulawa, daga tsakaninsa ne aka ce wa mai tufafin lilin ya ɗebo garwashi ya watsa wa birnin. A 10:13 inda annabin ya ji ana kiran ƙafafun da sunan galgal, masu fassarar Helenanci ba su ma fassara ba, sai suka rubuta Gelgel da harufansu suka wuce. Daga baya a rubuce-rubucen Yahudawa irin su littafin Anuhu, Ofanim suka zama rukunin mala'iku tare da kerubobi da serafim, wannan kuma ci gaban al'ada ne, Ezekiyel bai kira su mala'iku ba.

9. Ina da ina kuma ta fito a Tsohon Alkawari na Helenanci?

Wurare da dama, kuma yawancinsu aikin yau da kullum ne. A 1 Sarakuna 7 akwai dakalan tagulla goma na Haikalin Sulemanu, kowanne da ƙafafu huɗu, tsayin kowace ƙafa kamu ɗaya da rabi. Ishaya 28:27 ya ce manomi ba ya bi da ƙafar amalanke a kan ƙananan tsaba irin su kumin, da sanda ake bugunsu, Karin Magana 20:26 kuma ta ari wannan aikin sussuka ta ce sarki mai hikima yana sheƙe mugaye ya bi ta kansu da ƙafar. Mai Hadishi 12:6 yana kwatanta mutuwa, igiyar azurfa ta tsinke, tulu ya fashe a maɓuɓɓuga, abin jan guga mai juyawa ya lalace a bakin rijiya, can ma trochos ne. Littafin Sirak, wani littafin hikima na Yahudawa, a 38:29 ya nuna maginin tukwane zaune yana juya faifansa da ƙafafunsa.

Waɗanda suka fi jan hankalina su ne inda taya da wuta suka haɗu. Daniyel 7:9, kursiyin Wanda Yake Tun Dā harshen wuta ne, ƙafafunsa wuta mai ci. Zabura 83:13 da 14 tana roƙo a mai da maƙiya kamar galgal, wanda a nan ana ganin busasshen ƙaya ne da iska ke mirginawa amma Helenanci ya ce trochos, aya ta gaba kuma nan take sai wuta mai cin kurmi, abubuwa biyun da Yakubu ya jera kusa da juna. Sai littafin Makabiyawa na 4, wani tsohon rubutun Yahudawa da Helenanci, sura ta 9, inda aka miƙe babban cikin 'yan'uwa bakwai a kan trochos aka hura wuta a ƙarƙashinsa saboda ya ƙi cin haram. Ba na cewa Yakubu ɗaya daga cikinsu ya kwafa, amma kunnen mai karatu na lokacin ya saba jin taya da wuta a jimla ɗaya. Wani abin lura, wurare biyu da za ku yi tsammaninta ba ta nan, a Fitowa 14:25 Helenanci sandunan da ƙafafun karusan Fir'auna ke juyawa a kai ya ambata, a Irmiya 18:3 kuma cewa ya yi magini yana aiki a kan duwatsu.

10. "Na gama tseren" da Bulus ya ce, ita ce wannan kalmar?

Ba ita ba ce, a 2 Timoti 4:7 da Ayyukan Manzanni 20:24 dromos ne. Aikataun trechō da muka ambata a tambaya ta 2 shi ne a 1 Korantiyawa 9:24 da Ibraniyawa 12:1, da kuma Yahaya 20:4 inda almajirai biyu suka ruga zuwa kabari. 'Yar'uwar trochos ta kusa ita ce trochia, G5163, sawun da ƙafar karusa ke bari a hanya, ita ma sau ɗaya ta fito, a Ibraniyawa 12:13, "ku miƙe hanyoyin ƙafafunku", wanda aka ɗauko daga Karin Magana 4:26 na Helenanci. Lambobinsu na jere shi ya sa ake yawan rikita su.

11. Wutar da ke cinna wa harshen, Gehenna, ita ce Jahannama?

Asalinsu ɗaya. Ge Hinnom kwari ne a kudu da Urushalima inda aka ƙona 'ya'ya hadaya a zamanin Ahaz da Manassa, sarki Yosiya ya ƙazantar da wurin a 2 Sarakuna 23:10, daga baya sunan ya zama na wurin hukunci, kuma daga wannan sunan ne Larabci ya sami Jahannam, mu kuma muka karɓa. Sau 12 kalmar ta fito a Sabon Alkawari, 11 a Matiyu da Markus da Luka, duka daga bakin Yesu, ta 12 ɗin ita ce wannan ta Yakubu. Aikataun cinna wutar, phlogizō, sau biyu ya zo a ayar, harshe yana cinnawa, shi ma ana cinna masa, ba ya kuma fitowa a wani wuri a Sabon Alkawari.

12. In zan koyar da ayar, in ce "taya" ko in bi fassarar da ke hannun jama'a?

Ku karanta abin da ke hannun jama'a tukuna, don fassarar ba kuskure ba ce kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 4, kuma ba kyau mutum ya hau bagade ya sa tsofaffi su fara shakkar Baibul ɗin da suka yi shekaru suna karantawa saboda ya ga kalma ɗaya a waya. Bayan nan sai ku ce a Helenanci hoton na ƙafar karusa ne da ta kama wuta, minti biyu ya isa. Lambar Strong, wadda James Strong ya fitar a 1890, tana nuna muku kalmar ne da jerin yadda aka fassara ta, ba ta zaɓa muku wacce ta dace da ayar, to kar ku kwashi duk ma'anonin tambaya ta 2 ku zuba su cikin Yakubu 3:6, faifan magini da gare-garen yara ba ruwansu a nan. In ajin na matasa ne masu son tono, ku ba su Yakubu 1:23 da Zabura 83:13 zuwa 14 su karanta kafin mako mai zuwa, su zo da abin da suka gani.